Bankin Maigida Ba Gado Ba Ne

Haba uwargida! Kin sha hayaƙin suyar ƙosai a Gesse, kin kwashi adashinki, sai ki kai wani banki don kawai can maigida yake ajiya? Shi albashi ke shigo masa, ke kuwa guminki ne.

A Maris 2025 Babban Banki ya ɗora naira 100 kan kowace dubu 20 da kika cira a na'urar wani banki, ta bankinki kuwa kyauta. To ki zaɓi mai reshe kusa da ke. Ki ce asusun ajiya kike so, ba karant ba, don karant ake yanka wa kuɗin kula. In sun ce ki ciri fiye da abin da kika ajiye, wallahi bashi ne mai ruwa, ki ƙi.