"Masha Allah" Kaɗai Ba Ta Gyara Zane

Kai matashi mai zane a Babban Giji ko Gyaɗi-Gyaɗi, zo mu yi maganar gaskiya. Ka kwana uku kana zana fuskar jarumin Kannywood da fensir, ka ɗora a Instagram, sai ga yabo: "Masha Allah", "wallahi kamar hoto!" Da daɗi, ko? To amma yanzu manhajojin AI suna fitar da irin wannan cikin daƙiƙu. In kamanni ne kaɗai jarinka, kasuwarka na tangal-tangal.

Wasu sun riga ka shiga irin wannan tsaka mai wuya. A 1958, ɗalibai a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar Zaria Art Society. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Malamansu Turawa suna koya musu zane irin na Ingila, su kuwa suka ce kwaikwayo bai isa ba. A 1960 Okeke ya rubuta aƙidarsu: ka karɓi dabarar waje, ka haɗa ta da gadon gidanku. Shi ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Littafin Chika Okeke-Agulu, Postcolonial Modernism na 2015, ya kawo labarin dalla-dalla.

Kai ina naka gadon? Ga zayyanar allo, ga aska takwas a babbar riga, ga adon bangon tsofaffin gidajen cikin birni, ga rinin Ƙofar Mata, ga lallen amare. Ka taɓa zama a Gidan Makama da takarda da fensir?

Sai maganar suka, wadda yawancinmu ke ɗauka hassada ce. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya caccaki littattafan soyayya, ya kira su adabin kasuwar Kano. Abdalla Uba Adamu da wasu suka mayar masa da martani a jaridu, kowa da hujjarsa. Wannan ce-ce-ku-cen ya taimaka wajen jawo hankalin manazarta na gida da waje zuwa ga marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino.

Saboda haka in ka sake ɗora zane, tambayi mabiyanka: "Ina na kuskure?" Wanda ya ce maka inuwar nan ba ta zauna ba, kar ka yi saurin toshe shi. In kuma abokinka ne ya ɗora nasa, faɗa masa abu ɗaya da ya yi kyau da ɗaya da ke son gyara, tare da dalili.