Kafin Ka Canza Wilin Mashin Ɗinka, Ɗora Shi A Sikeli



Akwai wani yayi da ya shigo tsakanin matasanmu masu mashin. Sai a cire wili mai sifok da kamfani ya sako, a sa na alminiyam, wanda makanikai ke kira aloi. In ka tambayi dalili, amsar kusan ɗaya ce: ya fi rashin nauyi, mashin ya fi tashi, ya fi daɗin kwana. Ni dai a ganina maganar tana da gaskiya, amma rabi ce. Ragowar rabin kuwa, wadda mai sayarwa ba zai faɗa maka ba, ita ce ta shafi aljihunka da ƙashin jikinka.

Kada wani ya ce ai maganar mashin ta wuce a garin nan. Gaskiya ne tun zamanin Gwamna Jonah Jang aka hana 'yan goyin aiki a cikin Jos da Bukuru, keke napep ya karɓi fasinja. Amma mashin bai fita daga rayuwarmu ba. Da shi ake zuwa gona ta wajen Miango da Vom, da shi ake fito da dankali da kabeji daga lungunan da mota ba ta shiga, da shi malamin makarantar ƙauye yake isa aji. Saboda haka abin da ke ƙarƙashin mashin ya shafe mu duka, har da wanda ake goyawa a baya.

Mu fara da gaskiyar da ke cikin maganar samarin. Nauyin ƙafar mashin ba ɗaya yake da nauyin da ke kan kujera ba, kuma dalilai uku ne.

Na farko, ƙafa tafiya biyu take yi a lokaci guda: tana gaba tare da mashin, tana kuma juyawa. Dole inji ya biya kuɗin tafiyar biyu, haka ma birki in an zo tsayawa. Nauyin da ke can bakin wili, wato rim da taya da tiyub, shi ya fi tsada. A lissafin masana, kilo 1 a bakin taya kusan daidai yake da kilo 2 a jikin mashin wajen tashi da tsayawa. Nauyin da ke tsakiya, kusa da boris, bai kai haka damuwa ba.

Na biyu, duk abin da ke juyawa ba ya son a kauda shi daga yadda yake. Wanda ya yi wasan katantanwa da ƙuruciya ya san wannan: muddin tana juyi da ƙarfi tana tsaye, da juyin ya mutu sai ta kwanta. Ko ka riƙe ƙafar keke ta tsakiya, wani ya juya maka ita, ka gwada karkatar da ita, za ka ji tana gardama a hannunka. Haka ƙafar mashin take. In tana da nauyi, mashin yakan yi taurin kai wajen kwanciya a kwana. In ba ta da nauyi, da ka ɗan taɓa kan mashin ya bi ka. Wannan ne daɗin da samari ke faɗa, kuma ba ƙarya suke yi ba.

Na uku, wanda a wurina ya fi muhimmanci, shi ne aikin shakazoba. Jikin mashin da direba suna zaune a kan sifirin, amma ƙafa tana ƙarƙashinsa. Duk tudun da ta taka sai ya cilla ta sama, shakazoba kuma ta mayar da ita ƙasa. Ƙafa mai nauyi tana jinkirin dawowa, kuma a ɗan lokacin nan da take sama babu birki, babu kwana, babu riƙo. Mara nauyi kuwa tana bin ƙasa sau da ƙafa, direba yana jin abin da taya ke takawa ta tafin hannunsa. Duk wanda ya taɓa ratsa gona bayan ruwan Agusta, jar laka ta maƙale masa a takalmi, ya san bambancin kilo ɗaya a ƙafa da kilo ɗaya a kafaɗa.

To in haka ne, me ya sa nake cewa a dakata?

Saboda ba a taɓa ɗora abin a sikeli ba. Mutane sun ɗauka duk abin da aka ce alminiyam ne ya fi ƙarfe rashin nauyi. Amma wili iri biyu ne. Akwai na ƙira, wanda ake matse alminiyam ko magniziyam da injin mai tsananin ƙarfi sannan a sassaƙe shi, irin wanda kamfanin Marchesini na Italiya ke yi wa masu tsere. Wannan ba shi da nauyi kuma yana da ƙarfi, sai dai kuɗin ƙafa biyu ya fi kuɗin sabon Boxer. Akwai kuma na zubi, wanda ake narka ƙarfen a zuba a mazubi, kamar yadda maƙeranmu ke zuba tukunya. Shi ne ya cika kasuwa. Da yake zubi bai kai ƙira ƙarfi ba, dole a yi shi da kauri, kaurin nan kuma nauyi ne. Shi ya sa sau da yawa wilin zubi na ƙaramin mashin bai fi mai sifok rashin nauyi ba, wani ma ya fi shi. Ba sai ka yarda da ni ba. Ka ɗauki tsohon da sabon, ka kai wa mai sikelin nama ko na hatsi, ka gani da idonka.

A ce ma ka dace, ka rage kilo 1 a kowace ƙafa. Mu yi lissafi. Mashin irin Boxer yana wajen kilo 110. Ka sa direba kilo 70, ka ɗora buhu ko fasinja da kayansa kilo 100. Jimla kilo 280. Kilo 2 da ka rage, ko an ninka shi ya zama 4, bai kai kashi 2 cikin 100 na abin da inji ke ja ba. Ba za ka ji shi a tashi ba, ba za ka gan shi a tankin mai ba. Abin da ke sa mashin kasala a nan wani abu ne daban: Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200, iska ba ta kai ta Legas kauri ba, inji yana rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa. Canza wili ba zai dawo da wannan ba. Wanke filta da saita kabireta sun fi kusa da maganin. Gardamar juyi kuma da gudu take ƙaruwa. Mai tsere da ke sauya kwana a kilomita 200 cikin awa yana jin ta ƙwarai. Kai da kake 40 ko 50 tsakanin Zaramaganda da Bukuru, ɗan kaɗan ne rabonka.

Sai kuma tambayar da ta fi kowace nauyi: idan ƙafar ta faɗa rami, me zai faru? Rim na ƙarfe mai sifok lanƙwashewa yake yi. Za ka ji shi yana rawa, ka lallaɓa ka isa gida, gobe mai gyara ya buga shi, ya ɗaure sifok, ya sauya biyu ko uku da suka tsinke. Wilin zubi ba ya yawan lanƙwasa, tsagewa yake yi. Wani lokaci tsagar siririya ce kamar gashi, tana ɓoye ƙarƙashin fenti da ƙura, sai ranar da aka yi lodi ta buɗe gaba ɗaya. Sifok kuma suna ɗan shanye duka, shi kuwa zubi sandararre ne, abin da ya taka kai tsaye yake aiko maka wuyan hannu. A kwalta mai santsi wannan yana da daɗi, domin kana jin hanya sosai. A gargada kuwa azaba ce.

Ba mu kaɗai ne muka gamu da wannan zaɓin ba. A 1984, a filin tsere na Kyalami da ke Afirka ta Kudu, Freddie Spencer ɗan Amurka, wanda shi ne zakaran duniya a lokacin, yana gwaji a kan Honda mai ƙafar zaren kabon, wadda aka yi don rage nauyi. Ƙafar baya ta karye yana cikin gudu, ya faɗi ya ji rauni, bai shiga tseren ba. Yau dokar gasar MotoGP ba ta yarda da ƙafar kabon ba, sai ta magniziyam ko alminiyam. Ka duba kuma masu tseren Dakar, waɗanda ke ratsa duwatsu da rairayi: ga kuɗi, ga injiniyoyi, amma ƙafa mai sifok suke hawa. Sun san cewa a mugun wuri, ƙafar da ke lanƙwasa ta fi wadda ke karyewa. Yanzu ka tambayi kanka: hanyar gonarku a watan Satumba, ta fi kama da filin tsere ko da hanyar Dakar?

Akwai wani abu kuma da masu lodi ya kamata su sani. In ka ɗaure kaya a baya, gaban mashin yakan yi sakayau, tayar gaba ba ta danne ƙasa sosai. Nauyin ƙafar gaba da juyinta suna cikin abin da ke riƙe kan mashin ya tsaya cak. Saurin bin hannu da ke burge mai yawo shi kaɗai, shi ne ke zama rawar kai ga mai ɗauke da buhu biyu in iskar hunturu ta buge shi ko babbar mota ta wuce shi.

Don kada a ce na yi son kai, aloi yana da falala ɗaya babba da ba ta da alaƙa da nauyi: yana karɓar taya mara tiyub. In ƙusa ta shige ta, iska a hankali take fita, kana da damar tsayawa. Tiyub kuwa yana iya sacewa lokaci guda, kuma wanda tayar gaba ta taɓa yi masa haka yana gudu ba ya son a tuna masa. Ba ya kuma bukatar ɗaurin sifok, ba ya tsatsa. Saboda haka wanda mashin ɗinsa ya zo da aloi daga kamfani, kuma yawancin tafiyarsa a kwalta ce, ya riƙe abinsa, babu laifi. Kamfani ya auna shi da birkin da shakazobar mashin ɗin. Rigimata da wilin da ba a san asalinsa ba ce, wanda aka cire daga wani irin mashin, aka yi masa ciko da wasa da guntun bututu don ya zauna. In dirom bai dace da takalmin birki ba, ba za ka gane a cikin unguwa ba. A gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo ake ganewa, kuma can ba wurin gwaji ba ne. Araha ba ta ado.

Wanda yake son mashin ya yi masa laushi a hannu, akwai hanyoyin da ba su kai rabin kuɗin wili ba. Ka koma girman tayar da kamfani ya rubuta. Faffaɗar tayar da ake sawa don ado tana ƙara nauyi daidai inda ya fi cutarwa, tana kuma sa kwana ta yi tauri. Ka auna iska da geji da safe kafin taya ta ɗau zafi, ba da duka da ƙafa ba. Sanyin Disamba da Janairu na garin nan yana rage iskar taya, kuma taya mai ƙarancin iska ta fi kowane wili sa mashin nauyin kai. Ka wanke busasshiyar laka daga rim da sifok. Ka ɗaga ƙafar ka juya ta: in tana lilo, a saita sifok; in tana ƙara ko tana motsi gefe da gefe, boris ne. Shakazobar da ke zubar da mai kuwa, ko ka sa mata ƙafar zinariya ba za ta riƙe ƙasa ba.

Ina da roƙo ga makanikanmu da masu sayar da kaya, daga nan unguwa har Dilimi. Ku ne ake yarda da maganarku. In yaro ya zo da kuɗinsa, ku tambaye shi inda yake bi da abin da yake ɗauka kafin ku kwance masa ƙafa. Kuma don Allah a daina yi wa tsagaggen aloi walda ana mayarwa. Zafin walda yana kashe ƙarfin ƙarfen da ke kewaye da wurin, fenti kuma yana rufe shaida. Ribar aikin ba ta kai ran mutum ba. Mai sayen na hannu shi ma ya wanke shi tas, ya duba gindin kowane reshe da bakin rim a cikin rana, in ya ga alamar walda ko sabon fenti a wuri ɗaya ya ajiye.

Iyaye da yayye, in kun ga an dawo da mashin gida da sabuwar ƙafa mai sheƙi, ku tambaya: daga wane mashin aka ciro ta, wa ya ɗaura, an gwada birki? In kuma kuɗin na nan ba a kashe ba tukuna, hular kwano mai kyau da sabuwar tayar gaba sun fi cancanta da shi.

Makanikai da tsofaffin direbobin da ke cikinmu, ku kuka fi mu sanin abin da ake kawo muku a karye. Ku faɗa mana abin da kuka gani, matasa su amfana.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.