Wa Ke Rubuta Takardar Da Ake Sayar Da Arzikinmu?



Ku ƴan kasuwa ne, kun san ciniki. Ba mai kai sansa kasuwa ya bar dillalin mai saye ya yanka masa kuɗi. Ba mai sayar da gero ya ce wa mai saye ya zo da tiyarsa daga gida, ya auna a ɗaki, ya fito ya faɗi abin da ya samu. To amma cinikin uraniyum da man fetur na Nijar kusan haka yake tafiya. Dillalan da ke zama gefen masu saye su ne manyan gidajen lauyoyi na duniya, kuma ya kamata ku san su.

Ga ɗaya daga cikinsu, Clifford Chance, da ke birnin Landan. Asalinsa ya koma shekarar 1802, kafin Bature ya ci Damagaram da yaƙi da kusan shekara ɗari. A 1987 tsofaffin gidajen lauyoyi biyu, Coward Chance da Clifford Turner, suka haɗe suka ɗauki wannan suna. A shekarar 2000 ya sake haɗewa da wani gida na Niyok da wani na Jamus, ya zama babu kamarsa a girma a lokacin. Yau yana da lauyoyi sama da dubu uku, da ofisoshi daga Paris zuwa Dubai zuwa Hong Kong, har da Kazabalanka ta Maroko. Abin da ya shiga aljihunsa a shekarar kuɗi ta 2019/2020 ya kai fam miliyar 1.8 na Ingila. In aka juya shi sefa, kimanin rabin kasafin kuɗin ƙasarmu ne na shekara a wancan lokaci. Gida guda na lauyoyi!

Ba ƙararsa muka kawo ba. Sana'arsa yake yi, kuma ya iya ta. Mun kawo shi ne don ku ga irin ƙarfin da ke zaune can gefen tebur duk lokacin da wani babban banki ko kamfanin haƙar ma'adinai ya zo ƙasa irin tamu.

Irin waɗannan lauyoyi ba su ne masu zuwa kotu kan rikicin gona ko gado ba. Yawancin aikinsu rubutu ne. Kamfani zai sayi kamfani, su za su rubuta. Banki zai ba ƙasa bashi, su za su rubuta. Za a shimfiɗa bututun mai, su za su rubuta wanda zai ci riba da wanda zai ɗauki asara in abin ya lalace. Da awa ake biyan su, kuma awa guda ta babban lauya a can ta fi abin da malamin kwantaragi ke karɓa a wata. Kamfanin ba ya jin zafin biya, don ya san layi ɗaya a shafi na tamanin zai mayar masa da kuɗinsa ninki dubu.

Wane layi? Akwai wanda ke cewa dokar haraji ta daskare a ranar da aka sa hannu. Ma'ana, ko ƴan majalisar da kuka zaɓa sun ƙara haraji gobe, kamfanin bai san zancen ba. Mun ga wannan da idonmu. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce kason ƙasa na iya tashi daga kashi 5.5 cikin ɗari har zuwa 12. Areva ta tsaya kan tsofaffin takardunta. Da wa'adin yarjejeniyar Somair da Cominak ya ƙare a ƙarshen 2013, sai da aka yi watanni ana ja-in-ja kafin a sa hannu a watan Mayu 2014. Aka ce an yi nasara. A cikin wannan nasarar ce aka jingine aikin Imuraren, wanda aka yi wa matasa alkawarin dubban ayyuka da shi.

Akwai kuma layin da ya fi wannan haɗari, mai cewa in rigima ta taso ba alƙalin Yamai zai saurara ba. Za a tafi gaban masu sasanci a Paris, ko Landan, ko Washinton, ko Abijan. Hukuncinsu kuwa yana bin ƙasa duk inda take da dukiya, don yarjejeniyar Niyok ta 1958 ta ɗora wa kotunan ƙasashen da suka sa mata hannu su zartar da shi. Ku tuna da Africard. An ba shi aikin fasfo a 2011, aka soke daga baya. Ya kai ƙara Abijan, ya ci, aka yanke wa Nijar miliyoyin miliyoyi, lauyoyinsa suka bi dukiyar ƙasarmu har Faransa da Amurka suna neman a riƙe ta, sai da aka koma sulhu. Wa ya ba da aikin? Wa ya soke shi ba tare da karanta abin da zai biyo baya ba? Ba ku ba ne. Amma baitulmali na kowa ne, kuma ba a taɓa kiran ku an yi muku bayani ba.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku da kuke tsallakawa Jibiya da Illela kullum kun ji labarin P&ID. Ƙaramin kamfani ne da Najeriya ta yi yarjejeniyar iskar gas da shi a 2010. Bai gina masana'antar ba. Duk da haka a 2017 masu sasanci a Landan suka ce a biya shi dala miliyar 6.6, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sayen goro ba, kuɗin ruwa na hawa kullum. Najeriya, da duk girmanta, sai da ta ɗauko wani gidan lauyoyin na Landan, ta yi ta fafutukar nuna cewa da cin hanci aka ƙulla abin. In haka ta faru da mu, me za mu sayar mu biya?

Masu mulki za su ce mu ƙasa ce matalauciya, ba mu da kuɗin ɗaukar irin waɗannan lauyoyi. Wannan hujja ba ta tsaya ba. Bankin Raya Afirka na da cibiya a Abijan da aka kafa musamman don taimaka wa gwamnatoci da ƙwararrun lauyoyi wajen irin wannan ciniki. Muna da ƴaƴanmu da suka karanta doka a jami'ar Yamai da ƙasashen waje, sun san harshen takardun nan. Kuma akwai makamin da ba ya cin ko dala: a fito da takardar fili. Tsarin mulkinmu na 2010, wanda ya yi aiki har 2023, a aya ta 150, ya ce a buga yarjejeniyoyin ma'adinai da na mai gaba ɗaya a jaridar gwamnati, tare da abin da kowane kamfani ya biya. Ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB sun yi shekaru suna kiran a bi wannan aya. A 2017 aka dakatar da Nijar daga tsarin duniya na bayyana kuɗin ma'adinai, gwamnati ta yi fushi ta fice, sai a farkon 2020 ta koma. Ministan da ya san talakawa za su karanta abin da ya sa wa hannu ba zai yi shi cikin gaggawa a ɗakin otal ba. Shi ma lauyan kamfanin zai rage zarin alƙalami.

Yanzu ga bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, kilomita kusan dubu biyu, an aza harsashinsa a 2019. Takardunsa za su ɗaure ƙasar nan har yaran da ke firamare yau su yi furfura. Nawa ne kuɗin wucewa? Wa zai biya in mai ya malala a gonar talaka? In an yi rigima, a wane gari za a yi shari'a?

Duk ɗan takarar da ya shigo garinku kafin zaɓe, namu ne ko nasu, ku tsayar da shi bayan gangami ku yi masa waɗannan tambayoyi. Ku ce ya faɗa da bakinsa, gaban mai gari da liman, ko zai sa a buga takardun, a fassara su da Hausa da Zabarmanci, a karanta a rediyo.