Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi: Ina Ribar Wayarmu Take Zuwa?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wani haraji da talakan ƙasar nan yake biya kullum ba tare da dagaci ko mai unguwa ya tsaya masa a ƙofar gida ba, watau kuɗin katin waya. Daga Jahun zuwa Aujara, daga Kiyawa zuwa Miga, manomin riɗi da mai tallar fura da malamin firamare duk suna zubawa a wannan asusu. Tambayarmu ita ce: in an tara, wa yake kwashewa?

Bari mu ɗauki MTN, kamfanin da ya fi kowane yawan masu layi a Nijeriya. A 2001 ya sayi lasisi kan dala miliyan 285, a lokacin da NITEL ta bar ƙasar nan da layukan da ba su kai rabin miliyan ba. Ba mu musun cewa ya yi aikin da gwamnati ta kasa. Amma fa shekara goma sha takwas ya yi yana kasuwanci a nan, talaka bai da ƙofar sayen hannun jarinsa. Ƙofar ma ba don Allah aka buɗe ta ba. A 2015 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ci shi tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layuka miliyan 5.1 da ba a yi wa rajista ba. Da aka sasanta a 2016 kan naira biliyan 330, cikin sharuɗɗan har da shiga kasuwar hannun jari ta Legas. Ya shiga ranar 16 ga Mayu, 2019, kowane hannu ɗaya kan naira 90.

Manufar da kamfanin ya shelanta game da rabon riba ita ce, aƙalla kashi 80 cikin ɗari na ribar da ta halatta a raba za ta tafi ga masu hannun jari. A kan ribar 2022 an biya naira 15.60 ga kowane hannu. Hannayen kuwa sun haura biliyan 20. Duk wanda ya zauna ajin lissafi zai ga kuɗin ya wuce naira biliyan 300, kuma wajen kashi uku bisa huɗu nasa rabon uwar kamfanin ne da ke Afirka ta Kudu. Wannan rabo nata kaɗai ya fi kasafin kuɗin Jihar Jigawa kaf na shekarar.

Sai ga shi a watan Yuni na 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta kuwa faɗi warwas. Da yake basussukan kamfanin da kuɗin hayar turakun sadarwarsa suna ɗaure da dala, sai ya tafka asarar naira biliyan 137 a 2023, da wajen biliyan 400 a 2024, rabon riba ya tsaya. To, wa aka kira ya ɗauki kayan? A watan Janairu na 2025 NCC ta yarje wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Saƙon naira 4 ya koma naira 6. Kafin shekarar ta ƙare riba ta dawo, rabo ya dawo. Ranar daɗi ba a neme mu ba, ranar wuya aka tuna da mu.

'Yan kanzagin jari-hujja za su ce mai dukiya ya yi kasada, dole ya ci moriya, kuma farashin waya ya yi shekara fiye da goma bai motsa ba alhali man dizal ya ninka. Mun ji. Amma kasadar da ake sauke wa mai saye da zarar ta auku, kasadar wa ce? Da a shekarun yalwa an rage rabo an yi tanadi, an kuma kai sabis ƙauyukan da har gobe sai mutum ya hau tudu yake samun magana, da hujjarsu ta fi haka ƙarfi.

Sai dai kuma laifi tudu ne. A watan Disamba na 2021 an fito da hannaye miliyan 575 kan naira 169, mafi ƙarancin saye guda 20, watau naira 3,380. A ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, waɗanda suka saya ba su kai dubu 130 ba. Mu nawa ne daga masarautar Dutse a ciki? A 2025 farashin hannun ya haura naira 400. Haka aka yi zamanin dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977: 'yan ƙalilan masu ido a buɗe suka kwashe, sauran jama'a suka ji labari. Attajiranmu sun gwammace su binne dukiya a filaye da manyan motoci, mu 'yan boko kuwa mun san farashin data, ba mu san mai ita ba.

Saboda haka muna kira da abu huɗu. Na farko, NCC ta ɗaure duk wani ƙarin farashi da sharaɗin kai sabis karkara, da wa'adi a rubuce. Na biyu, asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa musamman don yankunan da aka bari a baya, ya bayyana abin da ya kashe a kowace ƙaramar hukuma ta Jigawa. Na uku, malamanmu su yi wa jama'a bayani a fili kan hukuncin hannun jari da bambancinsa da kuɗin ruwa, don shakka ta daina hana mutane abin da ya halatta gare su. Na huɗu, ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata da ƙungiyarmu ta ɗalibai su haɗa kuɗi su sayi hannu, su tura wakili taron shekara-shekara na masu hannun jari, inda ake yanke rabon riba, ya miƙe ya yi tambaya da sunan mutanen Jahun.

Wanda ba ya wurin rabo, ba a ajiye masa kaso. Idan muka ci gaba da biya ba mu mallaka ba, ba mu kuma tambaya ba, to, kada mu ga laifin gardi.