Laifin Manga ne, ko Laifin Kirari?

Da wuya malamai su zauna hira a Maraɗi, ko wata ƙungiyar raya al'adu ta yi taro, a tashi ba a kai ƙarar zane-zanen Japan masu motsi ba, waɗanda masu su ke kira anime, yara kuma suka yi musu kuɗin goro da sunan manga. Ƙarar iri ɗaya ce kullum: yara sun san Naruto, ba su san Ɗan Kasawa ba, suna iya jero abokan gaban Son Goku, amma a tambaye su wanda ya kafa Tibiri sai su yi zuru. Daga nan sai hukunci ya biyo baya: a ƙwace wayoyi, a tsawata wa masu tura fina-finai a kasuwa, a mayar da yara ga tarihin kakanni. Ƙarar tana da ƙamshin gaskiya, hukuncin kuwa na ragwaye ne. Wanda bai taɓa zama ya kalli abin da yake hukuntawa ba, bai kuma sake buɗe littafin da yake yabo ba tun yana ɗalibi, bai cancanci zaman alƙali ba.

Wannan kuka ma ba a nan ya fara ba. Tun da aka nuna Goldorak a telebijin ɗin Faransa a 1978 iyaye suke ƙorafi a can, har Ségolène Royal ta wallafa littafi a 1989 tana sukar irin waɗannan shirye-shirye. Sukar ba ta hana komai ba: Faransa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin manga a duniya, kuma da muryoyin Faransanci yawancin waɗannan labarai suke isowa kunnen yaran Nijar. Tunda tsawa ba ta yi magani a can ba, abin da ya kamaci malami shi ne ya tambaya: mene ne a ciki da ya kama zukatan yara haka?

A ɗauki Death Note, wanda Tsugumi Ohba ya rubuta, Takeshi Obata ya zana daga 2003 zuwa 2006, aka mayar da shi anime mai kashi 37 a 2006 da 2007. Light Yagami ɗalibi ne mai hazaƙa, ɗan babban jami'in ƴan sanda. Ya tsinci wani littafi da aljanin mutuwa mai suna Ryuk ya yar, wanda duk aka rubuta sunansa a ciki, in an san fuskarsa, ajalinsa ya zo. Light ya fara da masu manyan laifuffuka, yana cewa duniya zai tsarkake. Ba a jima ba ya koma kan masu bincikensa, sannan kan duk wanda ya tare masa hanya. Wata yarinya, Misa, ta mace a kan sonsa. Ya mayar da son nata makami. A ƙarshe Ryuk ɗin da ya kawo littafin shi ya rubuta sunan Light a ciki. Tambayar da labarin ke jefa wa mai kallo ita ce: in aka ba mutum iko babu mai ce masa don me, kwana nawa niyyarsa ta kirki za ta yi kafin ta ruɓe?

Jihar Maraɗi ta ga amsar wannan tambaya da idonta. A 1899 wasu hafsoshin Faransa biyu, Paul Voulet da Julien Chanoine, suka ratso ƙasar Hausa da umarnin su kai Tafkin Cadi. Chanoine ɗan janar ne wanda ya taɓa riƙe ministan yaƙi. Da suka yi nisa da masu iya tsawata musu, sai rundunar ta zama annoba: ƙone garuruwa, kisan gilla, kwasar ɗaruruwan mata a matsayin ganima. A watan Afrilu suka afka wa Lugu, garin Sarauniya. A watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi. Da gwamnatinsu ta aiko Kanar Klobb ya karɓe ragama, Voulet ya sa aka harbe shi a Ɗankori ranar 14 ga Yuli, ya kuma shaida wa mutanensa cewa ya bar zama Bafaranshe, daular kansa zai kafa. Kwana uku ba su wuce ba sojojin da suka yi masa aiki suka juya: Chanoine ya faɗi ranar 16, Voulet ranar 17, a Maijirgi kusa da Tasawa. Ga ɗan manya da ya ɗauki kansa ya fi doka, ga da'awar kawo gyara, ga mata da aka mayar kayan aiki, ga makamin da ya juyo ya ci mai shi. Yaron da ya fahimci Light ya riga ya yi rabin darasin Voulet, saura malamin da zai nuna masa hanyar Maijirgi.

Abdoulaye Mamani ya yi wannan aiki a littafinsa Sarraounia na 1980, wanda Med Hondo ya mayar fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Mamani ɗan gwagwarmayar Sawaba ne, ya sha gudun hijira, ya sha kurkuku. Ya san mulki daga ɓangaren wanda aka taka. Littafinsa yana da fuska biyu: sarauniyar da ta ƙi miƙa wuya, da hafsan da giyar mulki ke cinye shi sannu a hankali. A gefe kuma ya nuna sarakunan maƙwabta, kowa yana auna ribarsa, wasu na ganin zuwan Nasara dama ce ta gamawa da tsohuwar abokiyar gaba. Amma dubi yadda ake yawan gabatar da shi a bukukuwa da wasannin makaranta: a ɗauko Sarauniya a ɗora mata kirari, a bar sauran. An cire kwaɗayi, an cire cin amana, an cire tsoro, aka bar jarumta tsagwaronta. Yaro kuwa ba wawa ba ne. In aka ajiye masa gunkin da ba ya kuskure a gefe guda, a ɗaya gefen kuma mutum mai buri da rauni irin nasa, ya san wanda zai bi da kallo.

Haka ake yi wa tarihin gida. Maraɗi da Tibiri garuruwa ne da ƴan gudun hijira suka ɗaukaka. Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, Alƙalawa ta bi a 1808 aka kashe Yunfa. Ɗan Kasawa ya kafa sarautar Katsina a Maraɗi wajen 1819. A Gawakuke, a 1836, rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi, bayan haka Mayaƙi ya tsayar da sarautar Gobir a Tibiri. Mutane ne da aka raba da gadon iyayensu, burinsu na komawa gida kuwa ba abin zargi ba ne. Sai dai burin ya daɗe har ya zama sana'a. Shekara da shekaru hare-hare suna kai da komowa tsakanin kwarin Gulbi da ƙasar Katsina da Zamfara, ɓangarorin biyu suna kame talakawan juna suna sayarwa. Heinrich Barth, da ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a 1851, ya tarar da dajin da ke tsakani wurin fargaba ne ga matafiya. A cikin gida ma, Ɗan Halima ya ɓalle daga Tibiri ya kafa Sabon Birni, a ƙarshen ƙarni na 19 kuma Kaura Hasau ya yi ƙarfin da sarakunan Maraɗi ba su zauna lafiya a kan gado ba sai da yardarsa.

Duk ɗalibin da ya kalli L'Attaque des Titans na Hajime Isayama ya san wannan siffa. Eren yaro ne da aka rusa ganuwar garinsu, aka cinye uwarsa a gabansa. Ya rantse zai rama, ramuwar ta girma har ya hallaka mafi yawan mutanen duniya. Labarin ya ƙi wanke shi, ya kuma ƙi mantawa da abin da aka yi masa. Irin wannan adalci ne tarihin Ɗan Baskore yake buƙata, sarkin da ya yi fiye da shekara 20 yana kai yaƙi, wanda babbar makarantar sakandare a Maraɗi ke ɗauke da sunansa. A yaba ƙarfin zuciyarsa, a kuma tambaya: wa ya noma hatsin da dawakin suka ci? Me manomin Jiratawa da na sauran garuruwan Gulbi ya samu, me ya rasa? Ina aka kai yaran da aka kamo? Kirari ba zai amsa ba, don maroƙi bakinsa na wurin wanda ya ba shi riga. Kirari gado ne mai daraja, a kiyaye shi. Amma a mayar da shi shi kaɗai ne tarihi, wannan ha'inci ne ga yara.

Adabin Hausa kansa ya nuna hanyoyin biyu tun gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Ganɗoki na Bello Kagara jarumi ne da ya gwabza da Turawan Ingila, sannan ya faɗa ƙasashen aljannu yana ta cin nasara. Da Japanawa suka zana shi, da babu abin da zai raba shi da Son Goku. Malamin da ke yabon Ganɗoki yana tsine wa Dragon Ball, ya bayyana wa ɗalibansa bambancin in ya iya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya kalli mulki daga ƙasa: fadawa sun ƙulla wa Makau sharri saboda hassada aka kore shi, yaro ya shiga hannun fataken bayi aka ƙetare Sahara da shi, uwa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta, ba ta sake ganinsa ba sai dab da rasuwarta. A nan ana ganin kwaɗayin manya da idon wadda ta biya kuɗinsa.

Wannan shi ne abin da labarin tarihi ya fi yawancin anime da shi, kuma dole a faɗa, domin in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Anime na ƙawata azzalumi: a ba shi kyakkyawar fuska, a sa masa kiɗa mai tsuma jiki, waɗanda ya kashe kuwa su zama lissafi. Akwai yaran da ke gama Death Note suna sha'awar Light maimakon su ji tsoronsa. Akwai tsiraici da zubar da jini da ba su dace da ƙananan yara ba. Berserk na Kentaro Miura, inda Griffith ya sadaukar da amintattun mayaƙansa don ya samu mulki, labari ne na manya, iyaye kuma suna da haƙƙin hana shi. To amma yaron da aka ƙwace wa waya zai kalla a ta abokinsa, shi kaɗai da fahimtarsa. Wanda malami ya zauna da shi ya ce ya kwatanta Light da Voulet, ya ƙirga garuruwan da aka ƙone, ya tambayi kakarsa abin da ta ji daga tata kakar, shi ne zai gane cewa kowane suna a cikin littafin nan mutum ne mai uwa.

Saboda haka aikin da ke gaban malamai da ƙungiyoyi a fili yake. Malamin Faransanci da ke koyar da Sarraounia ya bar ɗalibai su kawo misalansu daga abin da suke kallo, ya sa su kare ra'ayinsu da hujja daga littafin. Malamin Hausa ya sa su rarrabe buri da kwaɗayi da sha'awa da son zuciya, kalmomi huɗu da harshen ya tanada don wannan bincike, su gwada kowace a kan Eren, a kan fadawan da suka kori Makau, a kan Kaura Hasau. Ƙungiyoyi kuma su rage shirya bukukuwan yabo, su sa gasar rubutu da zane. André Salifou ya ba Damagaram wasan kwaikwayo a kan Tanimun a farkon shekarun 1970. Philippe David ya tattara labarin Kaura Hasau da tarihin tsohuwar Maraɗi a shekarun 1960. Kayan aiki suna nan, suna jiran marubuci ko mai zane ɗan Maraɗi, ko Tibiri, ko Jiratawa, wanda zai ba Iya da Inna da Kaura murya irin ta mutane masu so da ƙi da tsoro.

A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Takarda ta ba harshe matsayi, amma masu karatu sai labari ya jawo su. Samarin da ke kwana a fada suna shan shayi suna gardama a kan ko Eren na da gaskiya, gardamar mulki suke yi, irin wadda aka yi a fadar Ɗan Kasawa da ta Mayaƙi. Sun nuna suna iya ɗaukar labari mai ɗaci, mai sarƙaƙiya, wanda jaruminsa ke iya zama mai laifi. In aka ci gaba da ba su tarihin kakanninsu a wanke tas, za su ci gaba da neman gaskiyar ɗan Adam a bakin Japanawa, kuma ba su ne da laifi ba.