Yadda ƙungiyoyin unguwanni suka tsare ƙuri'ar talaka a Senegal

Sau biyu cikin shekara 13 shugabannin Senegal suka yi yunƙurin taɓa dokar zaɓe, sau biyun kuma suka ja da baya. Sojoji ba su fito ba, domin ƙasar ba ta taɓa fuskantar juyin mulki ba tun samun 'yancin kai a 1960. Jama'a ne suka taka musu birki.

Na farko shi ne ranar 23 ga Yunin 2011. Shugaba Abdoulaye Wade ya kai wa majalisa ƙudurin da zai bai wa ɗan takara damar lashe zaɓe da kashi 25 cikin ɗari kacal a zagayen farko, tare da ƙirƙiro kujerar mataimakin shugaban ƙasa, wadda mutane da dama suka yi zargin ɗansa Karim ake share wa hanya. Dubban mutane suka cika ƙofar majalisar a Dakar, kuma kafin dare an janye ƙudurin.

Ana yawan tuna wannan rana, amma aikin da ya haife ta ya fi ta muhimmanci. A watan Janairun shekarar ne wasu mawaƙan gambara, ciki har da Thiat da Kilifeu, da ɗan jarida Fadel Barro suka kafa ƙungiyar Y'en a marre, wato "mun gaji", saboda takaicin ɗauke wutar lantarki. Maimakon su tsaya a ƙorafi, sai suka kafa ƙananan rassa a unguwanni, suna bin matasa lungu-lungu su je su yi rajista su karɓi katin zaɓe. Aiki ne mai gajiyarwa, ba ya kuma jan hankalin 'yan jarida.

Amfaninsa ya fito ne lokacin da zanga-zanga ta gaza. Majalisar Tsarin Mulki ta amince Wade ya nemi wa'adi na uku duk da boren da aka yi. Sai dai katin yana hannun jama'a: a zagaye na biyu, cikin Maris 2012, Macky Sall ya kayar da shi da kusan kashi 66.

Shi ma Sall bai tsira ba. Ranar 3 ga Fabrairun 2024 ya ɗage zaɓen da ya rage makonni uku a yi. Ƙungiyoyin farar hula da na ƙwadago da malaman addini suka haɗu ƙarƙashin inuwar Aar Sunu Election suka ƙi amincewa, Majalisar Tsarin Mulki kuma ta soke ɗagewar. Bassirou Diomaye Faye, wanda aka sako daga kurkuku kwana 10 kafin zaɓen, ya yi nasara da kashi 54.

Wannan bai zo a arha ba. An kashe gomman mutane a tarzomar da aka yi tsakanin 2021 da 2024, an tsare ɗaruruwa.

Haka kuma salon ba ya cin nasara ko'ina. A Burkina Faso, ƙungiyar Balai Citoyen ta taimaka wajen korar Blaise Compaoré a 2014, amma a 2022 sojoji suka yi juyin mulki har sau biyu. A Senegal masu fafutuka sun tarar da alƙalan da suka iya ce wa shugaba a'a, da sojojin da suka zauna a bariki, da gidajen rediyo masu karanta sakamakon kowace rumfa tun daren zaɓe.