Dokar Wa Ake Bi A Sararin Samaniya?

Ran 24 ga Disamba, 1996, Rasha ta harba kumbon Bion 11 ɗauke da birai biyu, Lapik da Multik, cikin wani bincike na haɗin gwiwa da Amurka da Faransa. Mako biyu suka yi suna kewaya duniya a ɗaure bisa kujeru, suka sauko da ransu. Kashegari aka yi musu allurar barci don a ɗebi ɗan nama da ƙashi a duba, Multik bai tashi ba. Jikin da ya yi kwana 14 ba ya jin nauyin kansa bai iya ɗaukar abin da birin ƙasa ke ɗauka ba. Daga nan hukumar NASA ta janye daga tafiyar birai ta gaba da aka shirya.

Haka akasarin ƙa'idojin gwaji da masu rai a sama suka samu, watau sai an yi ɓarna a kafa doka. Lokacin da Tarayyar Sobiyet ta tura karyar nan Laika a 1957, ba a ma yi shirin dawo da ita ba.

Babbar dokar da ake dogara da ita kuwa ita ce yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967. Sashe na 6 ya ɗora wa kowace gwamnati alhakin ba da izni da sa ido kan abin da mutanenta ke yi a sama, ko da 'yan kasuwa ne. Sashe na 8 ya ce ƙasar da ta yi wa kumbo rajista ita ke da iko a cikinsa. Sashe na 9 ya yi kashedi kan gurɓata wata da sauran duniyoyi, da kuma jawo wa tamu duniyar illa. Amma ba inda ta ambaci dabbar gwaji, balle mutumin da za a ɗebi jininsa. Saboda haka a tashar ƙasa da ƙasa, bisa yarjejeniyar 1998, ɗakin Japan na ƙarƙashin ikon Japan, na Amurka na ƙarƙashin Amurka, alhali iska ɗaya ake shaƙa.

Iskar nan kuwa abin lura ce. A 2006 an tafi da ƙwayar cutar Salmonella cikin kumbon Atlantis. Da aka dawo da ita aka ba ɓeraye, sai ta fi wadda ta zauna ƙasa saurin kisa. Ɗakin da ba a buɗe masa taga, asibiti kuma na can kilomita 400 a ƙasa, ai ba wurin ganganci ba ne. Hukumomin gwamnati sun san haka, shi ya sa kwamitoci ke tantance kowane gwaji tun kafin a ɗaure kaya.

To, ina ga wanda bai bi ta gaban kwamiti ba? A Afrilun 2019 kumbon Isra'ila, Beresheet, ya faɗi bisa wata. Sai daga baya aka ji wata gidauniya ta Amurka ta cusa dubban busassun tadigired cikin kayanta, wasu 'yan mitsi-mitsin halittu masu ƙafa takwas da ke jure sanyi da ƙishirwa. Shugaban gidauniyar da bakinsa ya ce bai gaya wa masu kumbon ba. Masana shari'a suka yi ta muhawara, ba a gurfanar da kowa ba.

NASA na shirin sallamar tashar ƙasa da ƙasa wajen 2030, kamfanoni irin su Axiom Space da Vast na haramar gina nasu. Kamfani kuwa riba yake nema, kuma Sashe na 8 bai hana shi neman ƙasar da dokarta ta fi sassauci ba, kamar yadda masu jiragen ruwa suka daɗe suna ɗaga tutar Panama da Laberiya. Abin da ya kamata kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai zama a Biyenna ya yi shi ne ya tsara mafi ƙarancin sharuɗɗan da kowa zai cika, kan killace ƙwayoyin cuta da kula da dabbobi da yardar wanda za a gwada, tun tashoshin nan ba su fara karɓar 'yan haya ba.